Ranar da Na Nome Iyakar Gonar Mutane

Ni ban gama kwaleji ba. Gara in faɗa da bakina tun yanzu, kafin wani ɗan tasha ya riga ni. Na ci shinkafar gwamnati shekara da shekaru a kwalejin horon malamai, da aka zo jarrabawar ƙarshe sunayen mutane suka fito, nawa bai fito ba. Na sake, bai fito ba. Yau tikiti nake rubutawa a tashar mota a Maigatari, yaran da ban girme su da ilimi ba sai da furfura suna kirana da sunan da suka ga dama. Amma akwai mutum ɗaya a duniyar nan da yake saukowa daga mota ya durƙusa ya ce mini Malam. Yadda aka yi na samu wannan Malam ɗin nake so in rubuta, don an daɗe ana ba da labarin ana ƙara masa gishiri, alhali ko ba gishiri ya ishe ni kunya.

A shekarun saba'in ne, muna Jihar Kano tukuna, damina ta biyu ko ta uku bayan farin nan da ya ƙarar da shanu. Makarantun firamare sun cika da yara, malamai kuwa babu. Ana saura kwanaki a ba mu dogon hutu, malaminmu mai koya mana dabarun koyarwa ya tara mu ya ce wa zai ba da hutunsa kyauta, ya je ƙauye ya taimaki 'yan aji bakwai masu shirin jarrabawar shiga sakandare. Ba ko kwabo. Za a damƙa wa kowa yaro ɗaya ko biyu, ya zame musu wa, ya ja su a jiki har su tsaya da ƙafarsu.

Na riga kowa ɗaga hannu. Malam har ya yaba mini a gaban aji. Gaskiyar magana, idan na zauna a Gumel, babana zai dasa ni a rumfarsa ta yadi in yi ta awo daga safe har magariba. Sannan ina da sabon wando fantalo mai faɗin ƙafa, wanda a Gumel kowa ya riga ya gani. Ina so ya samu sababbin idanu.

Mu biyu aka tura wani ƙauye gaba da Ɗanzomo: ni da wani abokin karatuna ɗan Gagarawa, ɗan manoma, marar surutu. Motar kasuwa ta sauke mu a Sule Tankarkar, sauran tafiyar a ƙafa, akwatunanmu a kan jakin wani bawan Allah. Kafin mu isa, ƙafar fantalona ta kwashe duk ƙarangiyar da ke hanya.

Hedimastan makarantar dattijo ne da ya gaji da duniya. Ya ce yara tara ne a aji bakwai, amma da damina idan ka ga huɗu ka gode Allah. Makarantar ba ta taɓa tura ko yaro ɗaya sakandare ba. Ya nuna mini wani siririn yaro mai manyan kunnuwa, ya ce, "Wannan shi ne naka. Idan akwai mai ci a garin nan, shi ne." Na ba yaron wani dogon lissafi don in gwada shi. Ya tsuguna ya yi shi da yatsa a kan rairayi, ya gama ina nan ina neman inda zan fara a takarda. Na ce masa daidai ne, ba tare da na sani ba. Turancinsa ne kawai da saura, ga shi mako shida gare mu.

Matsalar ita ce ubansa. Tun asuba yaron yana gonar gandu, wato gonar gidan da kowa ke yi wa uba aiki, sai azahar a sallame shi, ya zo aji yana gyangyaɗi. Sannan akwai takardar shiga jarrabawa da dole uba ya dangwala yatsa a kai, hedimasta ya kai Gumel. Uban bai ce ba zai dangwala ba, bai kuma ce zai dangwala ba.

Na ce a bar ni da shi. Na ja abokina muka tarar da shi a ƙofar gida yana gyaran ƙotar ashasha, hauyar nan mai dogon hannu da ake noma da ita a tsaye. Muka gaisa. Na gyara murya na fara abin da na haddace a aji.

"Baba, ilimi haske ne. Duk al'ummar da…"

"Samari," ya katse ni, bai ko ɗago ba, "hasken nan ana tuƙa tuwo da shi?"

Ya ci gaba da gyaran ƙotarsa yana magana.

"Mu huɗu ne a gonar nan. Ni, da shi, da ƙannensa biyu da ba su kai tsawon ƙotar nan ba. Shekarar fari dusa muka ci a gidan nan, ita ma da rabo. Yanzu ga ruwa Allah ya ba mu, ciyawa na tsere da gero, kai kuma ka zo da wandonka ka ce in ba ka hannu ɗaya. To na ba ka. Wa zai tsaya a wurinsa?"

"Ni," na ce.

Abokina ya taka mini ƙafa. Na janye ƙafar.

Sai a lokacin uban ya ɗago ya dube ni, tun daga takalmi har tabarau. "Ka taɓa noma?"

"Baba, ai kimiyyar noma ma muka karanta. Ni na zo na uku."

Ban yi ƙarya ba, na zo na uku. Abin da ban faɗa ba shi ne, a lambun kwaleji aikina riƙe littafin sunayen waɗanda suka yi ban ruwa.

Aka shirya a kan haka. Da safe yaron zai je wajen abokina su yi lissafi da sauran darussa, ni kuma ina gona a madadinsa. Bayan la'asar in koya masa Turanci. Idan uban ya ga aikin gona bai tsaya ba, zai dangwala yatsa.

Ashasha abu ce mai sauƙi a hannun wanda ya iya. Tura ta kawai ake yi a ƙarƙashin rairayi, ta yanke ciyawa, mutum na tafe yana hira. A hannuna kuwa ko ta nutse ta ƙi fita, ko ta zame ta sare gero. Kwana na farko tafin hannuna ya ɗuri ruwa. Kwana na biyu ya fashe. Ƙannen yaron, 'yan mitsi-mitsi, su kai ƙarshen layi su dawo su tarar da ni a inda suka bar ni, su gaishe ni da aiki kamar da gaske. Uban kuwa, sai dai in ga ya sunkuya ya ɗauki geron da na sare, ya dube shi, ya ajiye a hankali kamar gawa.

Ranar Alhamis ya ce, "Ɗan kwaleji, yau ka je can gabas wajen gawon can. Ciyawa ba yawa a can. Ka bi a hankali, ba tsere ake ba." Shi da yaran suka nufi yamma. Yanzu na gane nesa da geronsa mai kyau yake son kai ni. A lokacin kuwa ɗauka na yi an ba ni ɓangare nawa na kaina, saboda an ga alamar ƙwazo.

Da na isa gindin gawo sai na ga abin da ya ba ni mamaki. Wai ciyawa ba yawa! Ga wata ciyawa nan dunƙule-dunƙule, kore shar, ta kai mini cinya, ta miƙe tun daga gawon har wani suri can ƙasa. Na ce a raina, ka ga halin mutanen ƙauye. Sun bi ƙananan ciyayi suna ta fama, sun bar uwar ciyawa tana shanye wa gero abinci, don kawai tana da wuyar cira. To yau za su san an kawo ɗan kwaleji.

Ashasha ta ƙi cin ta. Na koma gindin gawo na ɗauko wata fartanya da aka bari a wurin, na tuɓe riga, na naɗe hannuna da hankici, na durƙusa. Wallahi tun da aka haife ni ban taɓa aiki irin na ranar ba, kuma ban sake ba. Na bi ta dunƙule bayan dunƙule, ina sara ina fizga ina faɗuwa da baya. Azahar ta yi, na ji su uban suna kirana daga nesa, na ɗaga musu hannu su tafi. Da na kai surin, na kwashe ciyawar na tara ta wuri ɗaya, sannan na dawo na bi wurin da ƙafa ina baje rairayi, don aiki ya yi kyan gani. Ciyawa ce ta tafi a layi ɗaya tamkar 'yan fareti, amma ko sau ɗaya ban tambayi kaina wa ya jera ta ba.

Ina komowa gari hadari ya taso, aka yi ruwa mai ƙarfi, ya ƙarasa shafe abin da ƙafata ta bari.

Da aka ɗauke ruwa yaron ya zo darasi. Ban iya haƙuri ba, na ba shi labari, har ina nuna masa hannuna. Na ga yana ta ƙanƙance ido.

"Malam, daga gawo?"

"Daga gawo."

"Har suri?"

"Har suri. Ko ɗaya ban bari ba."

Ya ɗora hannu biyu a ka. "Malam, gamba ce. Iyakarmu ce da gonar Baffa."

Na san gamba mana. Da ita ake saƙa zana, zanar da ta kewaye bayan gidanmu a Gumel ma ta gamba ce. Amma a bushe na san ta, a saƙe, an ɗaure ta a jikin dirka. Ban taɓa tunanin tana da lokacin da take kore ba, balle a ce mutane na dasa ta da gangan a tsakanin gona da gona. Yaron ya ce kakansu ne ya dasa wannan da hannunsa, ranar da ya raba gonar tsakanin 'ya'yansa biyu. Tun rasuwar kakan kuwa uban da baffan ba sa cin tuwo a kwano ɗaya, gaisuwa ce kawai, ita ma a tsaye. Kowannensu na zargin ɗan'uwansa da son matso iyaka. Gambar nan ita kaɗai ce dukansu suka yarda da ita.

Baffan ya tafi kasuwar Maigatari ranar. Da safiyar Juma'a ya leƙa gonarsa, tun daga can muka jiwo muryarsa.

Da hantsi aka tara mu a ƙofar mai gari. Duk garin ya zo, har matan da ke leƙe ta saman danga. Baffan, gajere mai kumfar baki, ya ƙi zama.

"Ranka ya daɗe, shiri ne! Takanas ya aika Gumel aka kawo masa ɗan boko. Ya jira ranar da na tafi kasuwa. Yau an share iyaka, gobe a zo da takarda da igiyar awo a ce gonata ta fara daga suri. Ka taɓa ganin mahaukacin da zai wuni yana haƙar gamba ba a sa shi ba?"

Wani daga baya ya ce, "Ga shi nan zaune." Aka yi dariya, mai gari ya tsawata.

Sai uban yaron ya karɓi magana. Ya rantse bai sa ni ba, bai ma san na yi ba. Ya ce shekara hamsin ba a taɓa kiransa ɓarawon ƙasa ba sai da boko ta shigo masa gona. Sannan ya juya wajen hedimasta. "Malam, ka riƙe takardarka. Yarona ya gama makaranta daga yau. A kawo ɗan doka in an ga dama."

Na dubi yaron. Yana zaune a bayan ubansa, kansa a ƙasa, yana zane da yatsa a rairayi yana gogewa.

Mai gari tsoho ne ƙwarai, idonsa ɗaya ya yi fari. Ya yafito ni. Na matsa na durƙusa.

"Ɗan kwaleji, da saiwarta ka cire?"

Ka ji fa, a nan ne ya kamata in yi ƙasa da kai. Amma ni ne. Na ce, "Ranka ya daɗe, har saiwa. Ni ba na rabin aiki."

Baffan ya yi salati da ƙarfi.

"Miƙo hannunka in gani," in ji mai gari. Na miƙa. Ya juya tafin, ya matsa shi da babban yatsa kamar mai taya tumatir, ya saki. "To. Kwana bakwai kada wanda ya taka wurin nan, ko mai gona ko maƙwabci ko ɗan kwaleji. Ranar Juma'a mu haɗu a gindin gawo."

Asabar ɗin da ke biye wa Juma'ar haɗuwa a gindin gawon ce ranar da hedimasta zai kai takardu Gumel. Wanda ba yatsan ubansa a kai, sai wata shekara, yaron kuwa wata shekara ya wuce shekarun shiga.

Ban taɓa ganin mako mai tsawon wannan ba. Hedimasta ya daina amsa gaisuwata da baki, sai da haɓa. Abokina bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Abin da ya ce kawai shi ne, "Da ka tambaye ni." Yaran gari suka laƙaba mini suna, ba zan rubuta shi a nan ba, akwai ciyawa a ciki. Na haɗa akwatina sau biyu, rashin mota ya hana ni gudu, ba jarumta ba.

Ranar Talata da yamma yaron ya biyo ta bayan makaranta da awakinsu. Ya tsaya nesa kaɗan, ya gaishe ni da ladabi kamar ban yi masa komai ba.

"Malam, idan za ka tafi, ka bar mini littafin Turancin nan? Zan riƙa dubawa a wajen kiwo."

Na ce masa to. Na shiga aji na rufe ƙofa, na daɗe ban fito ba.

Ranar Juma'a gari ya ɗunguma zuwa gona, mai gari a kan jaki, ni a can baya. Tun kafin in iso na ji an fashe da dariya. Na kutsa na leƙa. Daga gindin gawo har suri, ga tsiro nan kore, siriri kamar allura, tuli-tuli, kowane dunƙule a mazauninsa. Ko ɗaya bai ɓata ba. Layi ya dawo ɗoɗar.

Mai gari ya sa sandarsa ya taɓa ɗaya. "Gamba saiwarta na ƙasa sosai. Ƙato ma sai ya yi da gaske. Da na taɓa hannun yaron nan na san bai kashe ta ba. Aski ya yi mata."

Baffan ya bi layin da ƙafa tun daga sama har ƙasa, yana neman inda aka cuce shi, bai samu ba. Ya dawo ya tsaya a gabana, ya riƙe ƙugu. "Wuni guda cur! Kai ko ɓarnar ma ba ka iya ba?" Har da shi a masu dariya. Uban yaron ne kaɗai bai yi ba. Ya saɓa ashasharsa ya yi gaba.

Bayan la'asar na karɓi takardar da tawadar dangwale daga hannun hedimasta, wanda ya ba ni don dai ba shi da wata dabara. Na tarar da uban a inda na fara samunsa. Na durƙusa sosai, fantalo a cikin ƙasa.

"Baba, na yi laifi, a yafe mini. Laifina ne, ba na yaro ba. Idan ka yarda, gobe da asuba ina gona, kuma har a gama…"

"A'a!" Har ya ɗaga hannu biyu. "Don girman Allah, a'a."

Ya tsaya yana kallona, irin kallon da ake yi wa akuyar da aka rasa dalilin tsadarta.

"Samari, tambayarka zan yi, ka gaya mini gaskiya. A kwalejin nan taku, wa ke ciyar da ku?"

"Gwamnati, Baba."

"Sau nawa?"

"Sau uku."

"Kullum? Har da rani?"

"Har da rani. Da katifa, da sabulu."

"Ta san ba ka san gamba ba?"

Na ce ban jin ta taɓa tambaya.

Ya jinjina kai ya daɗe. "Shekarar fari, mu da muka san gamba dusa muka ci. Kai kana can kana cin sau uku." Ya ƙwala wa yaron kira, ya fito daga zaure, ashe yana laɓe. "To idan irinka ma ta riƙe shi, wannan da ya san gero ya san ciyawa ban san abin da za ta yi masa ba. Kawo takardar."

Ya dangwala yatsa, ya goge a jikin ƙotar ashasha. "Ka riƙe shi safe da yamma. Noman zan san yadda na yi. Sharaɗi ɗaya: ƙafarka kada ta sake taka gonata. Ko wucewa za ka yi, ka zagaya."

Na riƙe sharaɗin har yau.

Yaron ya ci jarrabawa. Ya yi sakandare, ya wuce inda ni ban ko leƙa ba, ya zama malamin gona, daga baya ya zama babba a cikinsu. Ni kuwa ka ji inda na ƙare. Idan aiki ya kawo shi Maigatari yakan sa direba ya tsaya a tasha, ya sauko ya durƙusa a gaban teburina, 'yan kamasho na kallo suna ƙunshe dariya. Yakan ce wa mutanensa, "Wannan malamina ne." Wata rana na gaji na ce, "Kai, tsakaninka da Allah, me na koya maka?" Ya yi tunani, ya yi tunani, har na fara jin haushi. Sannan ya ce, "Malam, ai kai ka sa Baba ya dangwala hannu."

Gaskiya ce kuwa.

Uban kuwa, har ya rasu, duk kaka sai ya aiko mini da zana guda a motar kasuwa, sabuwa, saƙar hannunsa. Saƙon bai taɓa canzawa ba, kuma yaran mota ba su taɓa faɗarsa a hankali ba, sai tasha ta cika: a gaya wa ɗan kwaleji ga ciyawarsa nan ta sake fitowa. Na so in ƙi karɓa tun a karon farko. Amma dangar gidana ta faɗi a lokacin, zanar kuma mai kyau ce.